Kachalla a ruwayen Zariya: sabon iri ne ya shigo, ko ruwan ne muka sauya?

Duk wanda ya saba zama da masu noman rani a fadamar Galma, ko masunta a bakin dam, ya sha jin wannan ƙorafi: ciyawar ruwa ta yanzu ba irin ta da ba ce. Ta fi tsawo, ta fi kauri, in an sare ta yau kafin wata ya zagayo ta dawo. Wasu na cewa a cikin buhun takin zamani aka kawo irinta. Wasu na cewa haɗin Bature ce da ta kuɓuce daga wurin bincike. Wasu kuma sun ji an ce tsirran ruwa suna barbarar juna su haifi iri mai ƙarfi, sai suka ɗora laifin kacokan a kan haka. To, tsirran ne suka sauya jini, ko ruwan da suke zaune a ciki ne ya sauya hali? Sanin amsar ya zama dole, domin maganin da ya dace da ɗaya asarar kuɗi ne a kan ɗayan.

Abubuwa uku da ake haɗawa wuri guda

Na farko shi ne tsiro ɗan gida da ya samu sarari. Kachalla, wadda masana ke kira Typha domingensis, ba baƙuwa ba ce a Afirka. Haka bado, haka kainuwa, wadda tun kaka da kakanni ake mata kirari da dashen Allah. Waɗannan suna nan tun kafin a san dam. Abin da ya sauya shi ne yawansu.

Na biyu baƙo ne da aka shigo da shi. Misalinsa baƙuwar kainuwar nan mai fure ruwan shuni da kumburarren wuyan ganye. Asalinta Kudancin Amurka, ta bayyana a ruwayen Legas a 1984, daga baya ta kai tafkin Kainji. Mafi yawan yaɗuwarta ta hanyar toho ne: uwa ta miƙa hannu, 'ya ta fito a ƙarshensa, ta tsinke ta kama gabanta. Idan ruwa na da taki, cikin mako biyu za ta iya ninka kanta. Mafi yawan wadda ta bazu a duniya jini ɗaya ce, babu wani aure a lamarinta.

Na uku shi ne ruwa-biyu na gaskiya. Yana samuwa ne idan bununin wani jinsi ya sauka a kan furen wani jinsi na kusa da shi, iri ya ƙullu, ya tsiro. Manomin Zariya ya san yadda abin yake daga masara mai aure: shukar farko ta fi iyayenta ƙarfi da yabanya, amma in ya ɗebi iri daga girbinsa ya maimaita, sai gonar ta fito barkatai, wata doguwa wata gajera. Bambancin kawai, masara mai aure haɗin layi biyu ne na jinsi ɗaya da masana suka tsara, na cikin ruwa kuwa jinsi biyu ne daban, kuma babu wanda ya tsara shi.

Kusa da wannan akwai sauyin iri a hankali. Ba maganar asalin ɗan Adam ake yi a nan ba, abu ne da ake gani da ido cikin 'yan shekaru. A cikin tsirrai dubu, akwai 'yan ƙalilan da suka fi jure wani abu, ko magani ko zurfin ruwa. In wannan abin ya riƙa kashe saura shekara bayan shekara, 'ya'yan masu jurewar ne za su gaji wurin.

Abin da dam yake yi wa ruwa

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Kafin a datse koguna, Kubanni da Galma sukan cika su batse a Agusta, zuwa Maris da Afrilu kuma ruwansu ya ja baya sosai. Tsiron bakin kogi sai ya jure nutsewa a damina, ya jure ƙishi da wuta da kiwon shanu a rani. Kachalla ba ta iya wannan ba. Tana son ƙafarta a cikin ruwa marar zurfi shekara cur, shi ya sa a da take rakuɓe a 'yan wuraren da ba sa ƙafewa.

Daga shekarun 1970 aka datse Kubanni a harabar Jami'ar Ahmadu Bello, aka datse Galma domin ruwan famfon gari, daga baya aka ƙara babban dam a Kuzuntu ta ƙaramar hukumar Kubau. Babu mai musun amfaninsu. Amma kowane dam yana kawar da wannan hawa da sauka, ya bar ruwa a tsaye kusan wuri ɗaya. Yana kuma tare lakar da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, ta taru a kan dam inda kogi ke shigowa, wurin da ke da zurfi a da ya koma dandamalin taɓo mai ruwa iya gwiwa. Kachalla na rayuwa har a zurfin mita ɗaya ko fiye kaɗan, don haka duk inda laka ta cike ya kai wannan ma'auni, ya zama gonarta.

Sai maganar abinci. Yuriya da kamfa da aka watsa a gona ruwa ya wanke, kashin kaji, ruwan wanki, ƙazantar magudanan Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da Kubanni ke kwasa kafin ya faɗa Galma, duka taki ne. Yawancin tsirran fadama na asali sun saba da ruwa marar ƙiba, ba su san yadda za su ci wannan gara ba. Kachalla ta sani.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar aure, shi ne haɗa ruwayen da a da ba su san juna ba. Hanyoyin ban ruwa, lambatun gefen titi, ramukan da masu aikin hanya suka haƙa suka bari, tifa mai ɗibar yashi, koma da kwale-kwalen da ake ɗauka daga wannan dam zuwa wancan, duk suna jigilar iri da guntayen saiwa. Aure tsakanin jinsi biyu na buƙatar iyayen su haɗu, su yi fure lokaci ɗaya, sannan 'ya'yan su samu fili marar kishiya su tsiro. Ruwan da ɗan Adam ya taɓa yana samar da duka ukun.

Yadda auren kachalla yake ƙulluwa

A ɗauki kan kachalla a duba shi da kyau. A saman karan akwai siririn ɓangare mai zubar da gari rawaya, shi ne namiji. A ƙasansa akwai kakkauran ɓangare mai ruwan ƙasa da laushin karan-miski, shi ne mace. Iska ce ke ɗaukar bununi, ba zuma ba, don haka babu mai zaɓar inda zai sauka. Idan kan ya nuna sai ya fashe ya zama kamar auduga, kuma kai guda na iya ɗaukar iri sama da 200,000, kowanne da gashinsa na tashi a iska. Irin ba ya tsirowa a cikin duhu ko ƙarƙashin ruwa mai zurfi. Yana son taɓo tsirara da rana a kansa.

Wurin da aka fi nazarin auren kachalla shi ne yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. A can akwai mai faɗin ganye, Typha latifolia, da mai siririn ganye, Typha angustifolia. Dukkansu suna da sandunan gado 30 a ƙwayar halittarsu, wato 'yan zaren da ke ɗauke da halayen da ake gada daga iyaye, shi ya sa aure a tsakaninsu ba ya wuya. Kusan kullum mai siririn ganye ce uwa, mai faɗin ganye uba. 'Yar da suke haifa, Typha glauca, ta fi su tsawo, ta fi su jure sauyin zurfi, kuma takan tara busasshen ganye mai kauri a ƙasa har ya hana irin kowane tsiro ganin rana.

Abin lura shi ne lokacin da ta yi ƙarfi. An kammala dam ɗin Moses-Saunders a kan kogin Saint Lawrence a 1958, aka fara riƙe tafkin Ontario a ma'auni kusan ɗaya. Daga nan kachalla, musamman ruwa-biyun, ta cinye fadamun bakin tafkin. Lamarin ya kai hukumomin ƙasashen biyu suka sauya tsarin sakin ruwa a 2017 domin a dawo da wani ɓangare na hawa da saukar da aka kawar. Iyayen nan biyu suna zaune tare a Turai ma, ana samun 'yarsu jefi-jefi, amma ba ta mamaye wuri haka ba. Aure shi kaɗai bai isa ba ke nan, sai ya samu ruwan da ya dace da shi.

Ƙarfin nan kuma na zubin farko ne. Idan ruwa-biyu ta auri ruwa-biyu, jikokin sukan fito da rauni, irinsu ba ya tsirowa sosai. Sai dai ga kachalla wannan ba babbar asara ba ce, domin ba ta dogara da iri ba. Saiwarta na tafiya a kwance cikin taɓo tana fitar da toho, tsiro ɗaya mai ƙarfi zai iya shimfiɗa kansa a fili mai faɗi ya zauna shekaru masu yawa ba tare da ya haifi ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa ruwa-biyu ya fi zama matsala a ruwa fiye da a tudu.

Biyu da suka wuce nan

A gaɓar tekun Southampton ta Ingila, jiragen ruwa sun kawo wata ciyawar gishiri daga Amurka, ta auri 'yar gida. Wajen 1870 aka ga 'yarsu, juya ce, ba ta yin iri. Kimanin shekara 20 bayan haka sandunan gadonta suka ninka kansu, daga wajen 60 zuwa wajen 120, sai ga tsiro mai haihuwa wanda ba ya komawa ga iyayensa. Shi ne Spartina anglica, sabon jinsi sukutum da ya samu a gaban idon masana, aka riƙa dasa shi a ƙasashe domin riƙe gaɓa, daga baya ya gagari masu dasa shi.

Na biyun ya fi kusa da mu. Salvinia molesta ƙaramin tsiro ne mai yawo a saman ruwa, asalinsa Brazil, kuma juya ne, ba ya haihuwa sai ta tsinkewa. Da aka datse kogin Zambezi aka yi tafkin Kariba a ƙarshen shekarun 1950, zuwa 1962 ya rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin. A 1999 ya ɓulla a kogin Senegal, sai da aka saki wani ɗan ƙwaro daga ƙasarsa ta asali mai cinsa kafin aka shawo kansa. Wanda ya ce tunda tsiro ba ya yin iri ba abin tsoro ba ne, bai san ruwa ba.

To, kachallarmu fa?

A nan ne ya kamata a yi hattara da ɗora wa aure laifin da ba nasa ba. Labarin Haɗejiya da Nguru sananne ne. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kogin Haɗejiya da ke ƙafewa da rani ya koma mai gudana shekara cur, laka ta kwanta, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya riƙa malala inda ba a so ya cinye gonaki da gidaje, inda ake jiransa kuma ya daina zuwa. Jan-baki ya samu wurin kwana, shinkafa da gero suka shiga uku. A kogin Senegal ma haka aka yi bayan dam ɗin Diama na 1986 ya hana ruwan gishiri hawowa: kachalla ta rufe bakin ruwa, dodon-koɗi mai ɗauke da tsargiya ya yawaita. A fadamar Everglades ta Amurka, jinsin kachalla irin namu sak ne ya kori ciyawar asali, sanadin takin da ke gangarowa daga gonakin rake.

A duk wuraren nan uku, ruwa tsayayye da taki sun isa su bayyana abin da ya faru. Kachallar da ta kai mita 3 ko 4 a bakin magudana, 'yar uwarta kuma ta tsaya iya ƙirji a fadama marar taki, ba sai jininsu ya bambanta ba. Girma ba shaidar aure ba ne.

Akwai hanyar gwadawa mai sauƙi da ɗalibi ko malamin gona zai iya yi. A tono guntun saiwa mai tsawo ɗaya daga doguwar da kuma daga gajerar, a dasa su a bokitai iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, aƙalla biyar-biyar daga kowane wuri. In bayan watanni sun yi kai ɗaya, muhalli ne. In bambancin ya tsaya, akwai abin bincike. Sai a duba kai: a tamu akwai tazarar kara tsirara tsakanin namiji da mace, kuma launin kan ƙasa-ƙasa ne mai haske. A mai faɗin ganye babu tazarar, kan ya fi duhu, bununinta kuma a madubin bincike yana fitowa huɗu-huɗu a manne, na tamu ɗai-ɗai. Ruwa-biyu yakan faɗo tsakani. Hukuncin ƙarshe sai gwajin ƙwayoyin gado.

Haɗarin aure yana nan duk da haka. An tabbatar jinsinmu yana aure da mai faɗin ganye a inda suka haɗu, kamar a Kalifoniya. Saboda haka duk mai shawarar a shigo da wata kachalla daga waje, domin tace ruwan ƙazanta ko domin ado, yana kawo wa tamu miji ne.

Auren da ya fi kusa da aljihun manomi

Yana cikin gonar shinkafa. A fadamun ƙasar Hausa akwai shinkafar daji iri biyu. Ɗaya mai shekara guda ce, mai dogon gashi a kan tsaba, tana zubar da 'ya'yanta ƙasa kafin a zo girbi. Ita ce Oryza barthii, wadda daga gare ta magabata suka fitar da jar shinkafar Afirka a yankin kogin Neja kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Har yau tana aure da jar shinkafar gida cikin sauƙi, 'ya'yan kuma suna haihuwa. Ɗayar, Oryza longistaminata, tana da saiwa mai tafiya a ƙasa kamar kachalla, ba ta mutuwa da rani, kuma ta fi son bununin waje a kan nata.

Shinkafar noma irin su FARO 44 yawanci kanta take aura, abin da ke shigowa daga waje kaɗan ne ƙwarai. Amma kaɗan a cikin miliyoyin furanni, shekara bayan shekara a kan fili ɗaya mai ruwa damina da rani, yana taruwa. Sakamakon shi ne shinkafa-ciyawa: a ƙuruciya ba a bambanta ta da ta gaske, tana cin taki tare da ita, ta riga ta nuna, ta zubar da rabin 'ya'yanta a gona, sauran su shiga buhu su ɓata shi da jar tsaba da mai injin casa zai rage wa kuɗi. Maganin ciyawa ba ya raba su, domin duk abin da zai kashe ta zai kashe shinkafar. Cirar hannu ma tana yin nata zaɓen. A Asiya an ga wata ciyawa dangin burugu da ta koma kamannin shinkafa sak, saboda ƙarni bayan ƙarni masu cira suna cire wadda suka gane suna barin wadda ta saje.

Abin da ke rage ta sananne ne. A yi dashe a layi maimakon watsi, duk abin da ya fito a wajen layi a tumɓuke. Kafin shuka a ba fili ruwa, a bari abin da ke kwance a ƙasa ya tsiro, a kashe shi, sannan a dasa. A zaga gona lokacin fitar kai a cire duk wadda ta zarce saura tsawo ko ta fito da gashi, a fitar da ita daga gonar gaba ɗaya. A share bakin kunya da hanyar ruwa kafin shinkafar dajin da ke wurin ta yi fure. A tsabtace injin girbi da na sussuka kafin ya shigo daga gonar wani. Kada a riƙa maimaita iri daga buhun gida ba iyaka.

Wannan dangantaka tana da alherinta, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Auren shinkafar Asiya da ta Afirka ne ya ba da sabon irin shinkafa mai suna NERICA a shekarun 1990, aikin da ya sa Monty Jones ɗan Saliyo ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. A lardin Yunnan na ƙasar Sin, auren shinkafar noma da mai saiwar nan ta Afirka ya ba da PR23, wadda aka fitar a 2018, ana shuka ta sau ɗaya a girbe ta shekaru a jere. Shinkafar dajin da ke damun manomi a gonarsa dukiya ce a fadamar da ba a noma. A kore ta daga gona, kada a shafe ta daga ƙasa.

Me ya sa feshi ba ya gamawa da ita

Feshi shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. A dam ɗin da gari ke sha, zuba guba abu ne da bai kamata manomi ko masunci ya yanke wa kansa ba. Ko an ƙyale wannan, ciyawar da aka kashe a cikin ruwa tana ruɓewa a wurin, ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, ta mayar da takin da ta ci cikin ruwan. Sannan magani ɗaya da ake maimaitawa yana tace masu jure shi. A Florida, wata ciyawar ƙarƙashin ruwa mai suna Hydrilla, wadda ko iri ba ta yi a can, ta fara jure maganin da aka daɗe ana zuba mata kafin ƙarshen shekarun 1990. A tafkunan arewacin Amurka kuma an samu ruwa-biyun wata ciyawar da suka fi iyayensu jure magani, feshin ya share musu fili.

A kawar da ita ko a ci moriyarta?

Masunta da masu ban ruwa da masu kula da ruwan famfo suna son a kawar. Hujjarsu a fili take: tana kama koma, tana toshe bakin injin ban ruwa, tana tara laka ta rage cikin dam, tana ɓoye sauro da macizai. Masu nazarin muhalli na cewa siririn layin kachalla a inda magudana ke shiga dam yana tace laka da taki kafin su kai tsakiya, kuma ƙananan kifaye da tsuntsaye na fakewa a ciki. Ɓangare na uku na cewa a mai da ita sana'a: tabarma, asabari, jinka, gawayi kamar yadda ake yi a Senegal da Muritaniya, iskar gas ta girki, da abincin dabbobi daga ɗanyen toho.

Kowanne na da gaskiyarsa, amma sana'ar na da iyaka biyu. Yankan da ake yi a saman ruwa domin sayarwa ba ya rage ta, yana sabunta ta ne. Kuma kachalla na zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba, don haka wadda ta tsiro a kududdufin cikin gari ko bakin magudanar ƙazanta ba ta dace da bakin dabba ba. Abin da ya fi dacewa da dam irin na Zariya shi ne a ware mata iyaka a mashigar ruwa, a hana ta wuce nan.

Yadda ake yanka ta ta mutu

A karya ganyen kachalla a duba cikinsa: ramuka ne jere kamar soso. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke binne a taɓon da babu iska. Busassun karare ma suna wannan aiki. Duk dabarar kashe ta a kan toshe wannan hanya take.

A yanka ƙarƙashin ruwa, santimita 20 zuwa 30 ƙasa da samansa, ɗanye da busasshe duka, kada a bar ko tsaye ɗaya, domin saiwoyin a haɗe suke, karan da aka bari zai shayar da maƙwabtansa iska. Ruwan ya ci gaba da rufe kututturen na makonni. In aka yi yankan a lokacin da dam ke ja da baya, kututturen zai leƙo waje cikin 'yan kwanaki, aikin ya tashi a banza. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai, domin a lokacin ta kwashe abincin da ta tara a saiwa ta kai sama, kuma irin bai nuna ba. A maimaita sau 2 ko 3 a shekarar duk lokacin da toho ya huda ruwa. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu.

Kurakuran da aka fi yi su ne waɗannan. Cinna wuta da rani ba tare da ruwa ya biyo baya ya rufe wurin ba: wuta ba ta kai saiwa, toka ta zama taki, rana ta samu shiga. Yashe hanyar ruwa a jibge lakar a bakinta: kowane guntun saiwa mai ido zai tsiro, sai an baza lakar nesa ta bushe ƙayau. Janye ruwa rabi da rabi: taɓon da ya fito yana da danshi shi ne ainihin abin da irin ke jira, don haka ko dai a busar da wurin sosai har ƙasa ta tsage, ko a bar shi a nutse. Idan an ga 'yan tsirrai sun fito a sabon taɓo, a cire su da hannu a makonnin farko, kafin su yi saiwar kwance.

Duk wannan zai zama aikin kowace shekara muddin laka da taki na shigowa. Manoman da ke saman dam su bar zirin jema ko gamba mai faɗin 'yan mitoci tsakanin kunyar ƙarshe da bakin rafi, su binne taki maimakon watsawa, kada su zuba shi hadari na haɗowa. Masunta su shanya koma ta bushe sarai, su wanke kwale-kwale kafin su sauya dam. Masu kiwon kifi da masu tafkin ado a gidaje da otal-otal kada su zubar da tsiron da suka sayo a magudana ko rafi, su busar da shi su ƙone. Wanda kuma ya ga tsiron da bai sani ba yana yaɗuwa a ruwa, ya ciro shi da saiwa da ganye da fure, ya matse shi a tsakanin takardu, ya rubuta wuri da rana, ya kai wa malamin gona ko ma'ajiyar tsirrai ta sashen nazarin tsirrai a jami'a a Samaru, tun yana ɗan fili kaɗan da mutum biyu za su iya kwashewa.